Ƙwayar Safe da Ƙwayar Yamma

Ranar da Injin ya ƙi taka ƙafarsa ta gaba, Silvanus cewa ya yi ƙaya ce. Ya kwantar da karen a gindin mangwaro, ya bubbuɗe tsakanin yatsunsa, bai ga ƙaya ba. Sai da hannunsa ya hau sama kusa da gwiwa ya ji wani kumburi kamar ƙwan zabo, ga tauri ga zafi. Yana dannawa karen ya yi 'yar ƙara, ya juyo ya lashi hannun da ya fama masa ciwon.

"Targaɗe ne," in ji Hellen matarsa, tana tankaɗen acca a bakin ɗakin girki. "Tsoho da tsohon kare, kullum kuna kan dutse kamar awaki. Me zai hana?"

Aka shafa man kaɗe, aka ɗaure da tsumma. Kumburi bai san ana yi ba. Kafin a fara tonon citta ya kai girman lemon zaƙi, Injin kuwa ya koma tafiya da ƙafa uku.

Duk Kagoro an san Injin. Ƙaton kare ne ja, mai ƙirji kamar na ɗan maraƙi, ba irin karnukan gari ba. Eli ne, ɗan Silvanus na fari, ya zo da shi da ɗan'uwansa baƙi, suna 'yan kwikwiyo, a cikin kwali lokacin da ya zo hutu daga barikin soja. Ya ba ubansa ɗaya, ya ɗauki baƙin ya kai wa Sambo a ruga. Daga nan aka tura su Eli yaƙin Laberiya. Bayan wasu watanni wani kofur ya zo da akwatin Eli da takalmansa, ya zauna a tsakar gida yana ta jujjuya hularsa a hannu. Tun daga ranar Silvanus bai sake kiran sunan yaron ba. Amma kowace safiya sai ya zauna ya cire wa Injin kaska, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Shi kuwa Sambo abokin dajin Silvanus ne. Tun Silvanus yana zuba wa jirgin ƙasa gawayi a Kafanchan, Sambo yana bin shanun ubansa, suka ƙulla abotar farauta. A wurin maharban wannan dutse, abokin daji ba abokin hira ba ne. Duk abin da ya shigo hannun ɗaya, rabi na ɗayan ne, ko gafiya ce, ko ɗayan yana gida a kwance ranar da aka kama ta. Wanda ya ci shi kaɗai, ba mai zaginsa, sai dai ba mai sake fita da shi. In Silvanus ya harbi gada, sai ya danne ta ya jira Sambo ya zo ya yanka, don su ci su duka. Ko a rikicin Kafanchan na shekarar tamanin da bakwai, da Sambo ya mayar da rugarsa can bayan dutse mutane suka daina gaisawa a kasuwa, rabon nama bai tsaya ba.

Wata Asabar sai ga Sambo ya shigo gidan, baƙin karensa Duna yana biye da shi yana jan ƙafar baya.

"Na-Reluwe," in ji shi da ƙarfi, don ƙarar injin jirgi ta cinye wa Silvanus kunne ɗaya, "karenka ya shafa wa nawa gurguntaka."

"Naka ne dai ya ga nawa yana hutawa ya yi ƙyashi. Halin Fulani."

Suka yi dariya. Amma da Silvanus ya tsuguna ya taɓa cinyar Duna ya ji irin wannan taurin, sai ya daina dariya.

A coci Hellen ta ji labari. Wai wata likitar dabbobi, 'yar Zangon Kataf, ta zo daga jami'a tana neman manyan karnuka masu kumburin ƙashi. Ranar Litinin suka ɗora karnukan a bayan a-kori-kura, tare da buhunan citta, suka nufi Kafanchan.

Likita Bernice 'yar siririya ce, ba ta kai Eli shekaru ba. Ta auna kumburin da zaren awo irin na tela, ta sa aka ɗauki hoton ƙashin, ta ɗaga shi a hasken taga. Inda ya kamata ƙashi ya fito fari sumul, sai ya fito kamar itacen da gara ta ci.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba," ta ce a kusa da kunnensa mai ji. "Ciwon daji ne, na ƙashi. Manyan karnuka ya fi kamawa, waɗannan kuma uwarsu ɗaya. In na yanke ƙafar zai ɗan ƙara kwana, amma yawanci ciwon huhu yake komawa."

"Karen farauta da ƙafa uku?" Silvanus ya girgiza kai. "Ba wani magani?"

"Akwai wanda muke gwadawa. Tsohon magani ne, na kutare. Wasu sun zuba shi a kan irin wannan ciwo a cikin kwalba sun ga yana rage masa ƙarfi. Amma kwalba daban, kare mai rai daban. Ba wanda ya sani tukuna. Kuma ciwon nan yara ma yana kama su, Baba. In ya yi aiki a jikin kare, wata rana a gwada wa yaro."

"To a ba su mana," in ji Sambo.

"Ba duka ba, Baffa. Rabin karnukan za su sha maganin, rabi maganin zafi kawai. Daga baya mu duba su wa suka fi daɗewa."

Sambo ya gyara riƙon sandarsa. "Likita, in maganin yana da kyau, don me ba za a ba kowa ba? In ba shi da kyau, don me za a ba wani?"

"Don ba mu san wanne ne ba. Ba wata hanyar sani sai wannan."

Ba ita take zaɓa ba, ƙuri'a ce. Ta kawo wata 'yar jaka cike da marafan kwalba, wasu an ɗiga musu jan fenti a ciki, wanda ya zaro mai ja karensa ne zai sha maganin. Silvanus ya sa hannu yana addu'a a zuci, irin addu'ar da rabonsa da ita tun zuwan kofur ɗin nan. Ya buɗe tafinsa. Ja. Sambo ya sa nasa hannun, ya buɗe, babu ja, ya daɗe yana kallon marfin, ya ajiye shi a hankali a kan tebur.

"Haka Allah ya so," ya ce. "Na-Reluwe, barka. Karenka ya shiga sahun kutare."

Ya ja Duna suka fita neman motar komawa.

Bernice ta miƙa wa Silvanus gwangwani. "Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a cikin nama ko tuwo. Kada ka tsallake. Fatar cikinsa za ta yi ja, kada ka tsorata, halin maganin ne. Kuma na Injin ne shi kaɗai. Ka ji ni, Baba?"

"Na ji, 'yata."

Ya ji ɗin kuwa.

Makonnin farko kamar an yi ruwa a kan shukar da ta fara yaushi. Injin ya koma cin abinci. Cikinsa ya yi ja kamar an shafa masa jan ƙasa. Da Bernice ta zo a kan babur ɗinta ta auna, kumburin yana nan inda ta bar shi, bai ƙaru ba. Ta hana kanta murmushi, ta ce kada a yi saurin murna, wani lokaci ciwon yakan yi likimo da kansa. Silvanus bai saurare ta ba. Da idonsa ya ga karen ya ɗora ƙafar a ƙasa yana korar kaji. Hellen, wadda da farko ta ce ba a ajiye mata maganin kutare kusa da tukwane, ita ce yanzu take tuna masa lokaci.

Sambo bai taɓa tambaya ba. In sun haɗu sai ya ce, "Yaya kuturun?" Silvanus ya ce da sauƙi, ya tambayi Duna, Sambo ya ce, "Yana nan." Shi ke nan.

Sai wata yamma ga shi ya shigo da wani abu a naɗe cikin ganye. Gada ce ta faɗa tarkonsa. Ya tsaga ta daidai, cinya ɗaya, kafaɗa ɗaya, har hantar ya raba biyu. Ya ajiye a gaban Silvanus kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru.

"Ina Duna? Bai biyo ka ba."

"Ba ya iya hawan dutsen yanzu." Sambo ya kalli Injin da ke shinshinar ganyen. "Kuka yake ta yi. Matata ta ce in kai shi nesa da ɗaki, yana hana jikoki barci. Na ɗaure shi a gindin ɗorawa." Ya miƙe. "A ci lafiya."

Hellen ta yi farfesun, ƙamshi ya cika gida. Silvanus ya wanke hannu, ya zauna, ya kalli kwanon. Ya ture shi gefe.

"Baban Eli, kada ka fara," in ji ta. Ta san shi.

"Mutum ya hau dutse da rabin nama ya kawo mini. Ni kuma ina zaune a kan cikakken gwangwani."

"Nama daban, magani daban. Yarinyar nan ta gaya maka da bakinta."

"Yarinyar nan ba ta taɓa shiga daji ba."

"Kai kuma ba ka taɓa shiga jami'a ba. Ƙuri'a aka yi a gabansa, Ubangiji ya ba ka. Ya roƙe ka ne?"

"Abokin daji ba ya roƙo. In har sai ya roƙa, ai an riga an ci amanarsa."

Hellen ta ajiye ludayi. Muryarta ta yi ƙasa. "Karen Eli ne fa. Shi kaɗai ya rage mana."

Silvanus ya rufe kwanon. Sannan ya ce, "Duna ma karen Eli ne."

Ta shige ɗaki ta ja labule.

Washegari da la'asar ya zaro ƙwayar yamma daga gwangwani, ya ƙulle ta a bakin hankici, ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar bayan dutse. Tun daga nesa ya hango Duna a gindin ɗorawa. Ƙaton karen nan ya zama haƙarƙari da ido. Silvanus ya kwance hankicin ya miƙa wa Sambo.

"Ta safe tamu, ta yamma taku."

Sambo ya kalli ƙwayar, ya kalle shi. Bai yi godiya ba, don ba a gode wa rabo. Ya sa aka kawo dunƙulen fura, ya tura ƙwayar a ciki, ya jefa wa karen.

Haka aka ci gaba. Kowace la'asar Silvanus yana kan hanya, gwiwoyinsa suna ƙara. Wasu a unguwa suka fara cewa tsohon nan me yake nema a rugar Fulani kullum, a irin wannan zamani. Bai kula su ba. Yakan ce wa kansa Injin ƙaton kare ne mai ƙarfi, ƙwaya ɗaya ta ishe shi, ai ciwon ya riga ya tsorata. In ya dawo gida Injin ya tare shi a ƙofa yana kaɗa jela, sai ya kasa kallonsa, ya wuce.

Duna ya daina kuka. Injin kuwa ya sake ɗage ƙafa.

Da farko Silvanus ya ce gajiya ce. Daga baya tsumman da yake ɗaurawa ya daina zagaye ƙafar. Sai tari ya biyo baya, ɗan busasshen tari kamar abu ya maƙale masa. Hellen takan zauna kusa da karen tana ba shi romo da hannu, in mijinta ya ɗauki sanda da hankici sai ta juya masa baya.

Bernice takan fara biyawa ta rugar Sambo in ta zo zagaye. Ranar ma haka ta yi. Silvanus yana gyaran shingen gida ya ji ƙarar babur, ya ɗago ya gan ta, Sambo a bayanta ya riƙe sandarsa a tsaye. Ba ta gaishe shi yadda ta saba ba.

"Baba, na juya Duna zan auna shi. Cikinsa ja."

"E."

"Daga ina?"

"Rabonsa ne," in ji Sambo, yana sauka. "Likita, ban gane abin da ya ɓata miki rai ba. Ba sata aka yi ba. Na Na-Reluwe ne ya raba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Kirsimeti," in ji Silvanus.

Ta cire hular kwanonta ta zauna a kan turmi. Ya ɗauka za ta yi faɗa. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Sai ta rufe fuska da hannuwa biyu, ta daɗe a haka.

"Karnukan da na samu ba su da yawa," ta ce. "Kowa in karensa ya fara ɗingishi sai ya sayar wa masu nama kafin ya rame. Da ƙyar na haɗa waɗannan. Injin ne ya fi kowanne nuna alama. Yanzu shi ba mai sha ba, Duna ba mara sha ba. Ba zan iya lissafa su a ko'ina ba."

"To a mayar masa da biyun," in ji Silvanus da sauri. "Daga yau. Zan..."

Bai ƙarasa ba, don Sambo yana tsaye. Sambo ya sunkuyar da kai, ya ce, "A mayar masa. Ban san haka abin yake ba."

Bernice ta tashi ta ɗora abin sauraron ƙirji a jikin Injin. Ta matsar da shi nan, ta matsar can. Karen yana ta lasar wuyan hannunta. Da ta cire abin daga kunne ba ta kalli kowa ba.

"Ya shiga huhu, Baba. Ko goma ka ba shi yanzu ba zai juya ba."

Ta karɓi gwangwanin, ta bar musu maganin zafi mai yawa, ta ce duk ranar da ya ga karen ya daina jurewa ya aika mata. Hellen ta raka ta har bakin hanya. Sambo ya saɓa sandarsa ya tafi a ƙasa.

Injin ya kai farkon farautar rani. Ya riga ya daina tashi sai in an ɗaga shi. Wata safiya maharban unguwa suka taru a filin makaranta, aka busa ƙaho, karnuka suka ɗauki haushi daga kowane gida. Silvanus yana ɗaki, bai ji ƙahon ba. Injin ya ji. Ya yunƙura ya miƙe, ya yi tsalle ɗaya zuwa ƙofa, ya dira a kan ƙafar. Hellen ce ta ji ƙarar ƙashin, kamar an karya busasshen kara.

Aka aika mai babur Kafanchan. Kafin Bernice ta iso rana ta yi tsaka. Silvanus yana zaune a ƙasa, kan karen a cinyarsa, yana kore masa ƙudaje da hula. Labari ya kai ruga. Sambo ya zo ya tsaya a bakin shinge. Duna ya biyo shi yana ɗingishi, ya ɗan yi ƙiba, ya kwanta a inuwa yana haki.

Wani maƙwabci ya leƙo ya ce ko a kira mai sayen karnukan nama tun da sauran numfashi. Hellen ta kalle shi sau ɗaya, ya koma.

Bernice ta aske ɗan gashi a ƙafar mai lafiya, ta zuƙo ruwan allura.

"Riƙe shi da kyau, Baba. Barci kawai zai yi."

Silvanus ya sunkuya ya yi magana a kunnen karen, maganar da ba wanda ya ji. Jelar ta buga ƙasa sau biyu. Sai jikin ya yi nauyi.

Bernice tana haɗa kayanta ya ce, "'Yata."

"Na'am, Baba."

"Da ban raba ba, da yana nan?"

Hellen ta tsaya cak da bokiti a hannu. Bernice ta buɗe baki, ya ga tana so ta ce a'a, ta ce ai dama lokacinsa ne. Ya ga ta haɗiye maganar.

"Ban sani ba, Baba."

"Shi Duna fa? Rabin ne ya tashe shi?"

"Shi ma ban sani ba. Wataƙila maganin ne. Wataƙila ciwonsa ne mai tafiyar hawainiya. Abin da muke nema mu sani ke nan." Ta rataya jakarta. "Kada a bari kowa ya ci naman. Akwai magani a jikinsa."

Sambo ne ya karɓi fartanya ya haƙa ramin a bayan gida. Suka sa karen a buhun citta, suka mayar da ƙasa, suka jera duwatsu saboda kuraye. Da suka dawo tsakar gida Duna ya taso yana kaɗa jela, ya nufo Silvanus, ya tura hancinsa cikin tafin hannunsa. Ƙirji iri ɗaya, kunnuwa iri ɗaya. Silvanus ya janye hannun a hankali ya sa a aljihu.

Sambo ya gani. Ya kira karensa, ya ɗauki sanda.

"Na-Reluwe, gobe zan zo."

"Ka zo," in ji Silvanus, idonsa a ƙasa. "Amma ka bar karen a gida."